Ƙira da Haske: Tarihin Yadda Aka Koyi Saita Wutar Leza

Hutun da ya wuce a maƙera na shafe shi, ina tattara kalmomin sana'ar ƙira saboda wani aiki da aka ba mu a Sashe. Cikin abin da na rubuto har da ban ruwa, watau tsoma wuƙa ko gatari cikin ruwa yana ja zur domin ya yi tauri. Na tambayi dattijon da na ke zama wurinsa ko me ke faruwa a cikin ƙarfen sa'ad da ya sha ruwan. Sai ya yi dariya, ya ce shi dai launi ya ke kallo: in ya yi gaggawa wuƙa ta karye, in ya yi nawa ta lanƙwashe, cikinta kuwa sai Allah. Da na komo makaranta na ba abokin ɗakina wannan labari, shi kuwa ɗalibin injiniya ne, sai ya ce ai waɗanda suka ƙago na'urar buga ƙarfe da hasken leza a Amurka da Jamus sun yi shekara ashirin da ɗoriya cikin irin halin dattijon nan. Wannan magana ita ta sa na bi tarihin abin, ga kuma ɗan abin da na samo.

Kalmomi biyu zan roƙi mai karatu ya riƙe. In na ce gaurayen ƙarfe, ina nufin ƙarfen da aka haɗa daga ma'adinai biyu ko fiye, kamar a narka jan ƙarfe da kuza wuri ɗaya. In kuma na ce zubin ciki, ina nufin yadda ƙananan ƙwayoyin da suka haɗu suka yi ƙarfe su ke jere, da girmansu, da inda suka fuskanta. Dalili kuwa shi ne, ƙarfe ba dunƙule ɗaya ba ne kamar yadda ido ke nuna mana. Ƙwayoyi ne maƙil, manne da juna.

Mutumin da aka fi dangana wa buɗe wannan ƙofa ba maƙeri ba ne, mai nazarin duwatsu ne, Henry Clifton Sorby na birnin Sheffield a Ingila, garin da ya yi suna wajen wuƙaƙe da reza. Cikin 1863 ya goge fuskar ƙarfe har ta zama kamar madubi, ya shafa mata ruwan asid kaɗan, ya duba da gilashin ƙara girma, sai ga ƙwayoyin sun fito ɓaro-ɓaro. Masu masana'antun garinsu ba su kula ba, sai da aka yi shekara ashirin da wani abu sa'an nan aka saurare shi. Daga baya aka gane cewa ban ruwa yana sa ƙwayoyin su rikiɗe su zama kamar allurai masu tsananin tauri amma masu saurin karyewa, aka kuma laƙaba wa wannan zubi sunan matensait, don girmama Bajamushen nan Adolf Martens. Ashe abin da maƙera suka yi dubban shekaru suna yi da hannu ke nan ba su taɓa gani ba.

Daga Teksas zuwa Aachen

Hasken leza na farko ya kama ne ran 16 ga Mayu, 1960, a hannun Theodore Maiman, a ɗakin binciken kamfanin Hughes da ke Malibu cikin Kalifoniya. Bambancinsa da hasken fitila shi ne ana iya tattara ƙarfinsa duka a ɗigo ɗaya, har ya narka abin da ya sauka a kai. Nan da nan aka soma yanka da walda da shi. Amma a gina abu daga tushe da shi, wannan tunani sai da ya jira wani ɗalibi kamarmu, Carl Deckard na Jami'ar Teksas da ke Austin, wanda bai ko gama digirin farko ba lokacin da dabarar ta faɗo masa. Ya kai wa malaminsa Joe Beaman cikin 1984. Ga dabarar: a shimfiɗa gari sirir, leza ya zana siffar da a ke so a kansa garin ya kama jikinsa, a sake shimfiɗa wani garin a bisa, a sake zanawa, hawa bisa hawa, har abu ya tashi. Ya nemi takardar mallakar ƙirƙira cikin 1986, aka ba shi a 1989.

Garin roba Deckard ya fara da shi. Da aka juya ga ƙarfe sai aka ci karo da dutse. In leza ya narka garin, narkakken ƙarfen sai ya ƙi kwanciya, ya dunƙule ya zama 'yan ƙwallaye jere, kamar yadda ruwa ke yi a kan ganyen gwaza. Saboda haka na'urorin farkon shekarun 1990 suka bi ta bayan gida. Wasu suka shafe garin ƙarfen da roba, leza ya manna robar, sa'an nan a kai tanda a ƙone ta, a ɗura narkakken jan ƙarfe ya cike gurabun. Kamfanin EOS na Jamus kuwa, wanda Hans Langer ya kafa a 1989, ya fito da na'ura a tsakiyar shekarun mai amfani da gari mai tagulla a ciki, tagullar ta narke ta riƙe sauran. Abin da ke fitowa yana da siffa daidai, amma cikinsa kamar soso ya ke. Ya isa a yi mazubin roba da shi, amma ba wanda zai sa shi a injin jirgi.

An tsallake wannan siratsi ne a Cibiyar Fraunhofer ta fasahar leza da ke Aachen a Jamus, inda aiki ya soma cikin 1995, aka kuma shigar da takardar mallaka a ƙarshen 1996 da sunayen Wilhelm Meiners da Konrad Wissenbach da Andres Gasser. Su suka nuna cewa ana iya narka garin gaba ɗaya, ba tare da wani abin manni ba, muddin zafin ya isa ya ratsa har ya taɓa hawan da ke ƙasa, kuma ana kwarara iskar agon ko makamanciyarta a kan wurin don kada ƙarfen ya sha iskar da mu ke shaƙa ya yi ɓawo. Da aka sami sabon leza mai bi ta zaren gilashi, wanda EOS ta sa a na'urarta ta 2004, sai sana'ar ta tsaya da ƙafafunta.

Maƙunnai huɗu

To, a nan ne labarin ya koma irin na dattijona. Mai wannan na'ura yana da abubuwa da yawa da zai saita, amma huɗu su ne ginshiƙai: ƙarfin hasken, wanda galibi wat 200 zuwa 400 ne, saurin tafiyarsa, wajen mita ɗaya a daƙiƙa, tazarar da ke tsakanin layi da layi, da kaurin garin da a ke shimfiɗawa, maikiron 20 zuwa 60. Maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita, gashin kai kuma yana wajen maikiron 70. Inda hasken ya sauka yakan yi ɗan kududdufi na narkakken ƙarfe, faɗinsa bai fi gashi biyu ba, yana bin hasken a guje, bayansa na daskarewa.

Na zauna na yi wani lissafi da kaina. A ce za a gina dunƙulen ƙarfe mai santimita ɗaya ta kowane gefe, kaurin hawa maikiron 40, tazarar layi maikiron 100. Hawa 250 ke nan, kowane hawa layi 100, jimla layi 25,000, tsawonsu in aka haɗa mita 250. Watau abin da bai kai ƙwayar sukari ba, walda ce mai tsawon filin ƙwallo biyu da wani abu aka nannaɗe a cikinsa. Duk wanda ya taɓa sayen ƙofar ƙarfe ya san walda ba ta rasa inda ta yi rauni.

In zafi ya yi kaɗan, ko gudu ya yi yawa, ko tazara ta yi faɗi, kududdufin ba ya kama maƙwabcinsa ko na ƙasa da shi. Sai a bar gurabu masu faɗi da kaifin baki, wani lokaci har da ɗanyen gari kwance a ciki. In kuma zafi ya yi yawa ko gudu ya yi kaɗan, ƙarfen ya wuce narkewa ya tafasa, tururinsa ya danna kududdufin ya haƙa rami mai zurfi siriri, wanda masu walda suka daɗe suna kira kafar makulli saboda siffarsa. Ramin nan ba ya tsayawa cik, bakinsa kan rufta, kumfa ta maƙale a ƙasa, ƙarfe ya daskare a kanta. In an haɗa wuta mai ƙarfi da gudu mai tsanani, sai ƙwallayen nan na dā su dawo. Tsakanin waɗannan uku akwai ɗan fili da ƙarfe ke fitowa cike fiye da kashi 99 cikin ɗari, kuma kowane gaurayen ƙarfe da nasa filin.

Yaya aka gano filin? Da gwaji tsagwaronsa. A buga 'yan dunƙulaye goma-goma, kowane da nasa saiti, a yanka, a goge, a shafa asid, a duba, daidai yadda Sorby ya yi a 1863. Don a rage wahala sai injiniyoyi suka ƙago awo ɗaya: a raba ƙarfin haske da sauran ukun in an ninka su, abin da ya fito shi ne zafin da kowane yanki ya sha. An daɗe ana dogara da wannan lamba, har yau ma ana amfani da ita, amma bincike ya nuna tana yaudara. Wuta mai ƙarfi da gudu, da wuta mai sanyi da nawa, suna iya ba da lamba ɗaya, ƙarfen kuwa ya fito iri biyu. Kowace mai girki ta san haka: tuwon da aka tuƙa a kan wuta ga-ga-ga daban ya ke da wanda aka bari ya turara, ko da itacen da ya ƙone ɗaya ne.

Kada mai karatu ya ce mene ne abin damuwa a ramin da ido ba ya gani. Ƙarfen da ke shan jijjiga dare da rana yakan gaji, kuma gajiyar daga irin wannan rami ta ke farawa, tsaga ta riƙa rarrafe a hankali har ranar da za ta yi tsalle. Ran 19 ga Yuli, 1989, shekarar da Deckard ya karɓi takardarsa, wani faifan taitaniyam ya tarwatse cikin injin jirgin DC-10 a sararin Amurka, jirgin ya faɗi a filin Sioux City, mutum fiye da 110 suka rasu. Faifan ba bugun leza ba ne, ƙirar gargajiya ce, amma asalin tsagar wani ɗan aibi ne da bai wuce ƙwayar gero ba, wanda ya shiga tun ranar da aka narka ƙarfen a 1971. Masu ba da izinin kayan jirgi da wannan a ransu su ke duban duk wani sabon ƙarfe.

Ƙwayoyi masu tsayuwa

Ko an rabu da ramuka, da sauran rina a kaba, domin saitin da ke hana rami shi ne kuma ke tsara zubin ciki. Ƙarfen da aka zuba a mazubi yana hucewa sannu. Wanda aka ba ruwa yana sauka ɗaruruwan digiri a daƙiƙa. Kududdufin leza kuwa yana sauka wajen digiri miliyan a daƙiƙa, kuma zafin ƙasa ya ke gudu, cikin abin da aka riga aka gina. Ƙwayoyi suna tsirowa ne ta inda zafi ya fito, saboda haka sai su miƙe sama, ƙwaya ɗaya ta ratsa hawa da yawa, kamar karan dawa a gona. Ƙungiyar Jean-Pierre Kruth a Jami'ar Leuven ta Beljiyam ta bayyana wannan dalla-dalla cikin 2010, a kan gaurayen taitaniyam mai kashi 6 na alminiyam da kashi 4 na banadiyam, wanda a ke yin kayan jirgi da ƙugun roƙo na marasa lafiya da shi. Sun ga dogayen ƙwayoyin, sun kuma ga cikinsu cike da alluran matensait. Ashe na'urar ban ruwa ta ke yi wa kowane layi, ba tare da ɗigon ruwa ba.

Sakamakon haka shi ne ƙarfe mai tauri wanda ba ya miƙewa sosai kafin ya karye, kuma ƙarfinsa a tsaye daban da ƙarfinsa a kwance. Har ila yau, tun a 2006 Kruth da ɗalibinsa Peter Mercelis suka auna wata matsalar: kowane sabon hawa in ya huce yakan tsuke ya ja na ƙasa, ja bisa ja, har abu ya bauɗe ko ya ɓalle daga farantin da aka gina shi a kai. Magungunan da aka samo duk na hannu ne. Ana juya fuskar layuka daga hawa zuwa hawa, sau da yawa da digiri 67, don kada su riƙa faɗawa wuri ɗaya. Ana ɗumama farantin. In an gama a kai tanda kafin a yanke shi. Kayan da rai ya rataya a kansu kuwa, ana sa su cikin tukunyar matsi, taitaniyam a zafin digiri 920 da matsin agon da ya ninka na iskar duniya sau dubu, awa biyu, ramukan ciki su rufe. Wanda bakinsa ya fito waje ba ya rufuwa.

Da irin wannan taka-tsantsan kamfanin GE ya kai ga bakin bututun mai na injin LEAP, wanda dā guntaye 20 a ke haɗawa, aka mai da shi guda ɗaya, nauyinsa ya ragu da kashi 25 cikin ɗari. Injin ya fara ɗaukar fasinja cikin 2016, kuma zuwa 2021 masana'antarsu ta Auburn a Alabama ta buga guda 100,000. Abin da ya fi ba ni mamaki a duk tarihin nan shi ne, ranar da jirgin farko ya tashi, ba a kai ga ganin cikin kududdufin garin ƙarfe yana narke ba. Gawarsa kawai a ke dubawa bayan ya daskare.

Ranar da ido ya iso

Masanan ɗakin binciken Lawrence Livermore, ƙarƙashin Wayne King, sun nuna a 2014 cewa kafar makulli tana aukuwa a wannan na'ura, amma su ma ta hanyar yanka da hoton bayan aiki ne. Sai cikin 2017 Cang Zhao da Tao Sun da abokan aikinsu suka haɗa ƙaramar na'ura a Argonne kusa da Shikago, inda akwai wani zoben da kewayensa ya haura kilomita ɗaya, mai fitar da hasken eksire mai tsananin ƙarfi. Suka haska ta cikin ƙarfen leza na aiki, suna ɗaukar dubun-dubatar hotuna a daƙiƙa. Cikin 2019, tare da ƙungiyar Anthony Rollett ta Jami'ar Carnegie Mellon, suka buga a mujallar Science cewa ramin tururin nan yana nan a kusan duk saitin da a ke aiki da shi, har wanda a ke ɗauka lafiyayye. Dā an zaci ganinsa ma aibi ne. Ashe abin dubawa shi ne zurfinsa da natsuwarsa. A 2020 suka ƙara da cewa akwai iyaka bayyananna tsakanin ƙarfin haske da gudu inda ramin ke fara zubar da kumfa, kuma ruftawar gindinsa tana haifar da girgiza wadda ke tura kumfar nesa, inda ƙarfe zai kama ta kafin ta tsere.

A ganina daga nan ne sana'ar ta sake fuska, domin wanda ya san dalili yana iya juya aibi ya zama amfani. A 2017 masanan HRL a Malibu, watau magadan ɗakin da Maiman ya kunna lezan farko, suka rubuta cewa cikin gaurayen ƙarfe fiye da 5,500 da a ke amfani da su, mafi yawa ba sa buguwa. Misalinsu alminiyam mai lamba 7075 na jikin jirgi, wanda dogayen ƙwayoyinsa kan bar siraran hanyoyin ruwa a tsakaninsu, su yage yayin daskarewa. John Martin da abokansa suka barbaɗa wa garin ƙurar zakoniyam, kowace ƙura ta zama iri da sabuwar ƙwaya za ta tsiro a kai, sai aka sami ƙananan ƙwayoyi kewayayyu, tsaga ta ɓace. A Livermore kuma aka gano cewa ƙarfen da ba ya tsatsa, mai lamba 316L, in an buga shi da saiti mai kyau, saurin hucewa yana saƙa masa ƙananan ɗakuna kamar saƙar zuma, ƙarfinsa ya ninka na gargajiya sau biyu ko uku, kuma bai rasa miƙewarsa ba.

Wanda na fi so shi ne aikin Philipp Kürnsteiner na Cibiyar Max Planck da ke Düsseldorf, tare da mutanen Aachen ɗin nan, cikin 2020. Na'urarsu ta ɗan bambanta, hura garin ta ke yi cikin hasken maimakon shimfiɗawa. Ƙarfensu yana da nikel kashi 19 da taitaniyam kashi 5. Ba su taɓa ƙarfin haske ba, ba su taɓa gudu ba. Bayan kowane 'yan hawa sai su tsai da na'urar, ƙarfen ya huce ƙasa da digiri 195 ya zama matensait, sa'an nan zafin hawan da ke biye ya gasa shi ya ƙara masa tauri. Inda ba a tsaya ba ya zauna da taushi. Da suka yanka suka goge, sai ga ratsi-ratsi, mai tauri bisa mai taushi, kamar takubban da a ke dangana wa birnin Dimashƙa. Tsawon tsayawar daƙiƙa 120 ne. Na kai wa dattijona wannan labari ranar wata kasuwa, ya saurara har ƙarshe yana jan zugazugi, sa'an nan ya tambaye ni ko wane launi ƙarfen ya ke yi kafin su ci gaba.